Aikin ƙungiya a guruf ɗin WhatsApp: wa ke riƙe da makullin?

Yau ra'ayi zan faɗa, sannan in biyo da yadda ake yi a waya. Na san wasu admin-admin ba za su ji daɗin maganar ba, amma a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Duk mai riƙe da babbar waya a Daura, Mai'adua, Sandamu, Zango ko Ɓaure, da wuya ka same shi ba ya cikin guruf uku ko huɗu: na tsofaffin ɗalibai, na ci gaban unguwa, na 'yan kasuwa, na dangi, na 'yan adashe. Kuma galibi wani kaso mai yawa na 'yan guruf ɗin ba sa gida. Wani yana Kano, wani Kaduna, wani Abuja ko Legas, wani ya tsallaka Kwangwalam yana Nijar. In aka ce a haɗa kuɗi don wani aikin alheri, mutanenmu ba sa ja da baya. Alat sai shigowa yake yi. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an haɗa kuɗin: wa aka ba aiki kaza, yaushe zai gama, nawa aka kashe, ina rasit?

Ra'ayina kashi biyu ne. Na farko, duk ƙungiyar da ke taɓa kuɗin jama'a ta fitar da lissafin aikinta daga cikin hirar guruf, ta mayar da shi kan allon aiki da kowa zai iya dubawa. Na biyu, wanda ya fi na farkon muhimmanci, kada makullin wannan allo ya zama a hannun mutum ɗaya, ko da kuwa shi ne mafi amana a garin.

ME YA SA GURUF BA YA RIƘE AIKI?

WhatsApp don hira aka gina shi, kuma a fagen hira babu kamarsa. Amma duba yadda yake tafiya. Saƙo na zuwa ne a jere, na yanzu ya ture na ɗazu. Shawarar da aka yanke da ƙarfe tara na dare, kafin gari ya waye gaisuwar safiya da sanarwar ɗaurin aure da bidiyon siyasa sun binne ta. In da murya aka faɗe ta, to ko akwatin bincike ka shiga ka rubuta "siminti" ba za ta fito maka ba, sai dai ka zauna kana kunna saƙonni ɗaya bayan ɗaya.

Za ka ce ai ana iya maƙale saƙo a saman guruf. Haka ne, amma 'yan kaɗan kawai ake maƙalewa, kuma mafi tsawon wa'adinsu kwana 30. Wanda ya tura saƙo yana iya goge shi ga kowa cikin kusan kwana biyu, admin ma yana iya goge na wani. In wani ya kunna tsarin ɓacewar saƙo, bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90 komai ya tafi. Wanda aka saka a guruf yau ba zai ga abin da aka tattauna watanni shida baya ba. In kuma wayar sakatare ta faɗa ruwa bai ajiye kwafin hirarsa ba, tarihin ƙungiya ya bi ruwan.

A ce ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta haɗa kuɗi don gyara rijiyar burtsatse a wani ƙauye na Sandamu. A guruf an ce "a nemo mai gyara", mutum goma sun tura alamar babban yatsa. Kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ne zai nemo. Sati uku suka wuce, wanda ke Legas ya tambaya ina aka kwana, sai aka fara "ai na ɗauka wane ne". Daga nan magana ta koma kan ma'aji, wani ya jefa habaici, wani ya fita daga guruf. Babu wanda ya ci ko kwabo, amma zumuncin shekara ashirin ya tsage, matan ƙauyen kuma suna nan suna tafiya nesa ɗebo ruwa. Wannan shi ne abin da ke kan layi: ruwan mutane da mutuncin wanda aka ba amana.

MENE NE ALLON AIKI?

Dabarar tsohuwa ce. Kamfanin motoci na Toyota a Japan ne ya shahara da ita tun bayan yaƙin duniya na biyu, ƙarƙashin wani injiniyansu mai suna Taiichi Ohno. Suna kiranta kanban, wato allo ko kati mai ɗauke da sanarwa. Daga baya masu haɗa manhajoji suka ɗauko ta suka sa a kwamfuta da waya: kowane aiki yana da katinsa, katin kuma yana matsawa daga layi zuwa layi har ya isa inda aka rubuta an gama.

Manhajar da ta fi sauƙi a wannan fanni ita ce Trello, wadda ta fito a 2011, kamfanin Atlassian ya saye ta a 2017. Akwai irinsu Asana da Jira da Microsoft Planner, amma ga ƙaramin kwamiti mai aiki da waya, Trello ta wadatar. Ga yadda za ku fara:

1. Ku sauke Trello daga Play Store ko App Store, ku yi rajista da imel ɗin ƙungiya. Zan dawo kan maganar imel ɗin nan, don ita ce zuciyar rubutun.

2. Ku buɗe sabon allo, ku sa masa sunan aikin, misali "Gyaran rijiyar burtsatse".

3. Ku yi layi huɗu: ZA A YI, ANA YI, YA TSAYA, AN GAMA. Maɓallan manhajar ba su da Hausa, amma duk abin da za ku rubuta a ciki da Hausa za ku rubuta. Madannin Gboard yana da Hausa har da ƙ da ɗ da ɓ.

4. Kowane aiki ku yi masa kati guda. A kan katin a sa abu huɗu: aikin kansa a fili, sunan mutum ɗaya, ranar gamawa, da shaida in an gama, wato hoton rasit ko hoton aikin.

5. Ku gayyato 'yan kwamiti ta imel ɗinsu ko ta linkin gayyata.

Ku lura da na huɗun nan. "Maganar famfo" ba kati ba ne. Kati shi ne "Karɓo farashin famfo daga shago uku a Daura, ma'aji, kafin ranar Alhamis". Kuma suna ɗaya tak. Mutum biyar na iya taimakawa, amma wanda za a tambaya ɗaya ne. Manhajar Asana ma da gangan ta hana a ɗora aiki guda a kan mutum biyu, saboda sun san aikin kowa da kowa aikin da ba na kowa ba ne.

Layin YA TSAYA kuwa kada ku raina shi. Nan ne mai gaskiya ke samun mafita. In mai gyara ya ce sai an kawo kaya daga Kano, sai a ja katin zuwa can a rubuta dalili. Wanda ke Abuja ya buɗe ya gani da idonsa, ba sai ya fara zargi ba. Trello kuma tana rubuta wanda ya motsa kati da lokacin da ya motsa shi.

In 'yan kwamitinku ba sa son sabuwar manhaja, Google Sheets ma ya isa. Ku ja jadawali mai gida shida: aiki, mai aiki, ranar gamawa, matsayi, kuɗin da aka ware, kuɗin da aka kashe. Asusun Google na kyauta yana zuwa da wurin ajiya mai girman gigabait 15, wanda zai ɗauki rasit ɗin shekaru. Yana kuma ajiye tarihin duk gyaran da aka yi da sunan wanda ya yi, sai dai tarihin ya fi buɗewa da kyau a kwamfuta. A wajen lissafin kuɗi ma ya fi Trello, tunda shi yake tara jimla da kansa.

MAKULLIN RIJIYA

Duk ɗan Daura ya san labarin rijiyar Kusugu, yadda aka ce maciji ya tare ta, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ruwan na gari ne, amma ikon ɗiba yana wajen mai tsaron baki. To haka ƙungiyoyinmu da yawa suke a intanet. Yaro ɗaya da ya iya waya shi ya buɗe guruf da lambarsa, shi ya buɗe shafin Facebook da asusunsa, shi ya buɗe jadawalin kuɗi da imel ɗinsa. Ranar da ya tafi bautar ƙasa, ko ya yi fushi, ko aka sace wayarsa, ko ya riga mu gidan gaskiya, ƙungiya ta tsaya a bakin rijiyarta da guga a hannu.

Mutane da yawa ba su san cewa a WhatsApp wanda ya ƙirƙiri guruf babu admin ɗin da ya isa ya cire shi ba, sai in shi ya fita da kansa. In kuma admin guda ne ya fita, manhajar ce ke zaɓar wani a cikin mambobi ta ba shi, ba tare da ta tambayi kowa ba. A Google Sheets ma, wanda ya buɗe jadawali shi ne mai shi, yana iya rufe wa kowa ƙofa ko ya goge shi gaba ɗaya.

Saboda haka ga ƙa'idojin da nake ganin ya kamata kowace ƙungiya ta rubuta a kundinta:

Na ɗaya, imel na ƙungiya. A buɗe shi da sunan ƙungiya, a gaban aƙalla mutum uku, kuma da shi za a yi rajistar komai. Lambar sirrinsa ta kasance wajen shugaba da sakatare, a rubuta kwafi a takarda a rufe a ambulan a ajiye wajen wani dattijo da kowa ya yarda da shi. A riƙa shiga imel ɗin lokaci-lokaci, don Google ya sanar cewa daga Disambar 2023 yana iya goge asusun da ya yi shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Na biyu, admin biyu ko uku a kan kowane allo da kowane guruf. Kada su zama 'yan gida ɗaya, kuma zai fi kyau ɗaya yana gida, ɗaya yana waje.

Na uku, tsaro mai mataki biyu a kan imel da WhatsApp ɗin kowane admin. A WhatsApp lamba shida ce za ka zaɓa da kanka a ɓangaren asusu. Ita ke hana ɗan damfarar da ya yaudare ka ka karanta masa lambar da aka turo maka ya kwace asusunka ya fara roƙon kuɗi da sunanka. Layin da aka jingina imel ɗin da shi kuma ya zama mai rai. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya sayar wa wani, saƙon dawo da lambar sirri ya koma hannun baƙo.

Na huɗu, kowa a ba shi iko daidai aikinsa. A Google Sheets mataki uku ne: mai kallo, mai sharhi, mai gyara. Ma'aji da sakatare su zama masu gyara, sauran jama'a masu kallo. Ba raini ba ne. Yatsa na iya zamewa a fuskar waya ya mayar da 50,000 ta koma 5,000.

Na biyar, wanda ya bar kwamiti a cire shi a ranar, a canza lambar sirri. In an yi sabon zaɓe, miƙa makullan intanet ya shiga cikin miƙa mulki, kamar yadda ake miƙa littafin banki da hatimi.

Na shida, sirrin mutane. Allon Trello yana da zaɓin da ke buɗe shi ga duk duniya, har Google ya riƙa nuna shi a bincike. A 2018 wani mai binciken tsaro ya gano allunan Majalisar Ɗinkin Duniya da na gwamnatocin Birtaniya da Kanada a buɗe haka, wasu har da lambobin sirri a ciki. In waɗannan sun yi wannan sakaci, to mu ma sai mu kula. Ku bar allonku a kulle, sai wanda kuka gayyata. Kada ku ɗora NIN ko BVN na kowa, ko sunayen marayu da zawarawan da aka taimaka wa tare da hotunansu. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma ko ba doka, rufin asirin mabuƙaci wajibi ne.

Na bakwai, kwafi. Duk ƙarshen wata a sauke jadawalin kuɗi a buga shi a takarda a sa a fayil. Kayan kyauta na kamfanoni suna canzawa ba tare da shawararku ba. Slack a 2022 ta taƙaita wa masu amfani kyauta ganin saƙonni zuwa na kwana 90 kawai. Trello a 2024 ta taƙaita masu aiki tare a tsarin kyauta zuwa mutum 10. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma WhatsApp da Facebook da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida a duk duniya. Takarda ba ta neman sabis.

NA SAN ABIN DA ZA KU CE

"Data ta yi tsada." Gaskiya ne, tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 kowa ya ji a jikinsa. Amma allo rubutu ne. Bidiyo guda da ake turowa guruf ya fi cin data a kan duba allo sau da yawa. Ga wanda ke ƙauyen da sabis ke rawa, ko bakin iyaka inda waya ke kamo layin Nijar, Trello da Google Sheets duk suna bari ka yi aiki ba intanet, in sabis ya dawo su tura. A Google Sheets sai ka kunna wannan zaɓin a kan jadawalin tukuna.

"Dattawanmu ba za su iya ba." Ba sai sun iya ba. Allon na 'yan kwamiti ne, mutum biyar zuwa takwas masu aiki a hannu. Guruf yana nan a matsayinsa na dandali. Duk Juma'a sakatare ya ɗauki hoton allon ya tura, ya bi shi da saƙon murya na minti biyu: ga abin da aka gama, ga abin da ya tsaya, ga dalili. Alhajin da ba ya karatun boko ya ji da kunnensa, ɗansa ya duba masa hoton.

"Wannan ai rashin yarda ne." Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, don a al'adarmu ka ce wa babba "kawo rasit" yana da nauyi. Amma ku duba wa tsarin yake karewa. Ma'ajin kirki shi ya fi kowa shan wahala in babu rubutu, saboda ba shi da abin da zai nuna ranar da aka fara ƙus-ƙus. In doka ce da aka kafa tun ranar farko, kuma shugaba ne ya fara ɗora nasa rasit, babu wanda zai ji an ware shi. Ɗan kasuwar da ke loda shanu daga kasuwar Mai'adua zuwa kudu yana rubuta adadi da sunan direba da lambar mota, kuma direban ba ya cewa an zage shi.

"Mun taɓa gwadawa ya mutu." Zai mutu mana, in ba a ba wani aikin kula da shi ba. Manhaja ba ta bin mai gyara, ba ta zuwa kasuwa. Allon da aka yi sati uku ba a taɓa ba ya fi rashinsa illa, tunda ƙarya yake nunawa. Maganinsa zama na minti goma sha biyar a sati, ko ta kiran waya ne, a bi kati ɗaya bayan ɗaya. In ba ku da wanda zai ɗauki wannan nauyi, ku tsaya a littafi da biro, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

GA MATASA

Akwai ribar da ta wuce ta ƙungiya. Daura yanzu tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a 2019, ga jami'ar sufuri ta tarayya da aka aza harsashinta a Disambar wannan shekarar, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kusan kilomita 284 da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, wanda ya biyo ta Daura. Manyan ayyuka irin waɗannan a kan jadawali suke tafiya: wa zai yi, yaushe, da nawa. Ɗalibin da ya riƙe allon aikin rukuninsu na shekarar ƙarshe, ko na kwamitin unguwarsu, har aka kai ƙarshe da lissafi tsaf, yana da abin da zai nuna ranar neman aiki. Ya buɗe waya ya ce ga aikin da na jagoranta, ga yadda ya gudana. Wannan ya fi rubuta "na iya kwamfuta" a takarda.

AIKIN WANNAN SATIN

Kada ku ce za ku kwashe komai a rana ɗaya. Ku zaɓi aiki guda da ke gabanku, ko gyaran aji ne, ko rabon abincin azumi, ko shirin tarbar baƙin Sallar Gani. Ku buɗe imel na ƙungiya, ku yi allo ɗaya, ku rubuta kati goma, kowane da suna da rana. Bayan wata guda ku auna da kanku.

Kafin nan, a yau ɗin nan, ka buɗe guruf ɗinku ka duba jerin mambobi ka ƙirga admin nawa ne. Sannan ka tambayi shugabanku da imel ɗin wa aka buɗe jadawalin kuɗi. In amsar suna ɗaya ce, ka kawo maganar a zama na gaba, cikin ladabi, tun ana ga-maciji da juna ba a fara ba.

Wanda ya maƙale a wani mataki ya ajiye tambayarsa a ƙasa, za mu duba. Ku tura wa admin ɗin guruf ɗinku shi ma ya karanta. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.